Jarkokin da Na Jiƙa a Tafki

'Ya'yana, akwai maganar da kuka daɗe kuna ji a bakin mutane, wai uwarku ta taɓa tashi a gaban dagaci ta kunyata babanku. Na san kun ji, domin ranar bikin Alheri ina cikin kicin ina jin gwaggonku tana ba surukai labarin a bayan taga, tana tsammanin ƙarar turmi ta rufe mata murya. Ni kuwa kunnena bai taɓa ba ni kunya ba. Karatuna bai wuce aji uku ba, kuma ban taɓa zuwa inda ya fi Sabon Tasha nisa ba, shi ma jinya ce ta kai ni, amma duk abin da aka faɗa kusa da ni yana nan a kaina yadda aka faɗe shi. Don haka ku yi haƙuri da rubutuna, ku karanta har ƙarshe, sa'an nan ku yanke mini hukunci da kanku.

Kun san tafkin da ke gangaren bayan gidanmu. Lokacin da aka kawo ni gidan nan amarya, cike yake da kififiya, wato kunkurun ruwa. A gidan kakarku, uwar babanku, ba a cin kififiya, kuma akwai abin da take yi wanda ta gāda daga uwar mijinta. Duk shekarar da aka haifi ɗa a gidan, sai ta gangara tafki da damina ta nemo 'yar kififiya sabuwar ƙyanƙyasa, wadda ba ta fi kwabo girma ba, ta yi mata 'yar tsaga da zarto a gefen ƙoƙon bayanta, ta sake ta. Kowane ɗa da wurin tsagarsa. Ta Talatu a gaba ta dama, ta Ishaku a gaba ta hagu, haka dai har kan auta. Fasto bai so abin ba. Ya zo har gida ya yi mata magana, ita kuma tana tankaɗe ta ce masa:

"Fasto, ba sujada nake yi mata ba. Maƙwabta ne, ina gaya musu an yi haihuwa."

Ita ce ta koya mini bambanta su. Namiji wutsiyarsa doguwa ce mai kauri, ƙirjinsa kuma ya lotsa kamar cikin ludayi. Mace wutsiyarta gajera, ƙirjinta a shafe. Da rani sukan shige cikin laka su kwanta, ruwan farko na sauka sai su fito, mazan su hau matan, ka ji ƙoƙunansu suna bugun juna, ƙwas, ƙwas, kamar yara na wasa da ƙore. Ina wanki a bakin ruwa nake jin wannan ƙara, kuma da na ji ta na san lokacin shukar masara ya yi.

Babanku ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kafanchan. A shekarar da gari ya rikice, mutane suka fara kallon maƙwabtansu da gefen ido, a ita ce aka rage ma'aikata, sunansa ya fito a ciki. Ya yi wata uku a zaune a ƙarƙashin mangwaro. Sai rana ɗaya ya dawo daga Kaduna da injin feshi na goyo, shuɗi, da jarkokin maganin ciyawa da na ƙwari. Kafin damina biyu babu wanda bai san shi ba. Masu gonar masara da na citta suna aiko masa tun daga Gidan Waya har Samaru Kataf, suna ce masa Injiniya. Kada wani ya gaya muku aikin banza ne. Da shi kuka yi makaranta, da shi aka sa kwano a rufin gidan nan, kuma da shi mutumin ya sāke ɗaga kansa a cikin maza. Idan ya dawo da yamma yakan bi ta tafki ya ɗauraye tankin, ya zubar da ragowar a bakin ruwa, ya wanke hannu, ya hau gida.

Ga kuma nawa rabon, wanda gwaggonku ba ta faɗa idan tana ba da labari. Jarkokin nan masu kyau ne, masu kauri, murfinsu yana kamawa ƙam. Zuciyata ba ta yarda a zubar da su ba. Amma wari gare su, sabulu ba ya fitar da shi, toka ba ta fitar da shi. Sai na yi dabara. Nakan cire murafun, in zura jarkokin a igiya ɗaya, in ɗaura dutse, in nutsar da su a tafki su yi mako guda, ruwa yana shiga yana fita. Idan na ciro su in goge da yashi, ba ka jin komai. Na zuba gishiri a wasu, manja a wasu, kananzir a wasu, sauran na rarraba wa matan zumunta a coci. Har yabona ake yi. Ana cewa Maman Talatu ba ta barin komai ya lalace. Shekara bakwai ina wannan aiki, ina jin kaina mai wayo.

Kunnena ne ya fara sanar da ni. Ruwan farko ya sauka, na je wanki, na ji shiru. Na ce ko ban zo da wuri ba ne. Shekara ta kewayo, sai ƙwas ɗaya ko biyu can nesa. Ban gaya wa kowa ba, don wa zai saurari mace tana cewa kififiya ta daina barbara? Sai shekarar da Talatu ta haifi ɗanta na fari. Kakarku ƙafa ta riga ta ƙi, ta miƙo mini zarton ta ce in gangara in yi wa tattaɓa-kunnenta tsaga. Na yi sati biyu ina zagaya tafkin. Na tono ramukan ƙwai a yashi, duk baragurbi, wasu ɓawonsu laushi kamar takarda. Ban sami ƙyanƙyasa ko ɗaya ba. Da na dawo mata da zarton, tsohuwar ta juya fuska bango ta ce an rufe wa gidanta ƙofa. Ta daina cin tuwo, sai kunu cokali biyu.

Maganar ta fita gari, kuma kun san yadda magana take girma a hanya. Kafin Lahadi biyu maza sun gama shari'a a gindin rumfar mai shayi, wai Fulanin rugar Ardo ne, suna wanke shanunsu da maganin kaska sa'an nan su kora su cikin ruwa. A shekarun nan ba a bukatar hujja mai yawa kafin a nuna ruga da yatsa. Aka sa ranar Asabar dagaci zai zauna, kuma kowa ya san abin da za a yanke, za a hana shanun shan ruwa a tafki. Da rani babu wani ruwa a kusa sai shi. Hana su tafkin daidai yake da a ce musu su kwashe su bar ƙasar da aka haifi iyayensu.

A rugar nan akwai Dudu, matar ƙanen Ardo, mai kawo mini nono duk Laraba. Ita ce ta riƙe mini kafaɗa ranar da naƙudar Markus ta kama ni babu kowa a gida. Larabar nan ta sauke ƙwaryarta a ƙofar kicin, ba ta buɗe faifan ba.

"Maman Talatu, an ce mu ne muka ɓata ruwan tsohuwa."

"Haka nake ji, Dudu."

"Mu a bayan tsauni muke wanke shanu, ruwan can ba nan yake gangarowa ba. Kuma ruwan da 'ya'yana suke sha ne, ni mahaukaciya ce?"

Na ce mata Allah zai bayyana gaskiya. Ta dube ni ta yi 'yar dariya ta ce, "Ku ma haka kuke cewa a cocinku idan ba ku da abin faɗa?"

A satin ne Malama Rifkatu ta zo gaishe da kakarku. 'Yar fasto ce, a hannunmu ta girma, lokacin tana koyar da ilimin halittu a kwaleji. Da ta ji labarin tsagar, sai ta ajiye jakarta, ta ari tsohon zanena ta ɗaura, ta ce mu je. Muka wuni a cikin laka da kwando, muka kamo kififiya masu yawa, a cikinsu har da huɗu masu tsaga. Muka kawo su tsakar gida a baho, aka fito da kakarku aka jingina ta da bango. Malama tana miƙa mata ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwar ta juya ta Talatu, ta shafa ƙirjin ta ce, "Mace. Ta bi uwar ɗakinta."

Ta juya ta Ishaku ta ce, "Wannan ƙato namiji ne, dubi wutsiya. Shi dai mai ita ya ƙi aure."

Sai aka miƙa mata ta Markus, wanda aka haifa shekara ɗaya bayan an sayo injin feshi. Ta juya ta, ta sake juyawa. Ta kai ta kusa da idonta, ta bi wutsiyar da babban yatsa, ta danna ƙirjin. Ta karɓi ta Alheri, ita ma haka. Ta sa aka ware mata duk waɗanda girmansu ya yi daidai da waɗannan biyu, ta bi su ɗaya ɗaya. Can ta ɗora hannuwa a cinya.

"Tun ina amarya nake juya su. Waɗannan ban san me zan kira su ba. Ƙirjin ya fara lotsawa ya tsaya, wutsiyar ta fara tsawo ta fasa."

Malama Rifkatu ta zauna a kan turmi ta yi mana bayani da Hausar da za mu gane. Ta ce tun kififiya tana cikin ƙwai, akwai wani ɗan ruwa a jikinta mai kai saƙo, shi ne yake ce wa jiki ka zama namiji, ko ki zama mace, kuma daga baya shi ne yake ce masa lokacin haihuwa ya yi. Ta ce ta karanta cewa a wasu ƙasashe an ga kadoji da kunkuru a tafkunan da magungunan gona suka shiga, ba su mutu ba, suna ci suna iyo, amma haihuwarsu ta lalace. Wai maganin yana shiga jikin uwa ya zauna a kitsenta, ya bi ta cikin ƙwai, ya yi kama da ɗan saƙon nan, sai jiki ya karɓi saƙon ƙarya.

Na ce, "Wato kamar a aiko yaro ya ce an fasa biki, alhali ba a fasa ba."

"Haka ne, Mama. Amma ba ni da kayan gwaji, ba zan rantse ba. Abin da na gani shi ne, manyan lafiya lau suke, ƙananan ne abin ya sama. Shanu kuwa tun kafin a haife ni suke shan ruwan nan. Mene ne sabo a tafkin tun daga haihuwar Markus?"

Na tashi na ce bari in duba wuta. A daidai lokacin akwai jarka tara a igiya a ƙarƙashin ruwa, kusa da inda Malama ta tsaya da rana, saura kaɗan ta taka dutsen.

Na gaya wa babanku washegari da safe yana ɗaura takalmi. Ya ce yarinyar boko ce ta cika mini kai. Na sake gaya masa daren Juma'a, na ce mu je wurin dagaci mu biyu a ɓoye, mu ce mun yi kuskure ba da sani ba. Ya ajiye cokali.

"Maman Talatu, kina so in je in ce ni na kashe wa uwata kififiya? Wa zai ƙara kirana gonarsa? In koma gindin mangwaro ke nan?"

"Su Dudu fa, Baban Talatu?"

"Fulani suna da ƙafa. Ni ina zan je?"

Ba mugun mutum ba ne, ku riƙe wannan. Tsoro ne ya yi magana a bakinsa, tsoron mutumin da ya taɓa rasa aiki sau ɗaya. Da safiyar Asabar na ƙara tare shi a ƙofa, bai ko dube ni ba, ya sa hularsa ya fita.

Ni ba mai fita ba ce, kun sani. Daga gida sai coci, daga coci sai gida, kasuwa ma aike nake yi. Kuma mata ba sa magana a zaman dagaci. Na share tsakar gida, na sake share ta. Na buɗe Littafi Mai Tsarki ban ga baƙi ko ɗaya ba. Abin da yake ta dawo mini a kunne shi ne dariyar Dudu. Sai na ɗaura ɗankwali na gangara tafki, na laluba igiyar, na kwance dutsen, na saɓa jarkokin tara a kafaɗa. Haka na ratsa gari, ruwa yana zuba a bayana, kore duk ya ɓata mini riga, mata suna leƙowa ta katanga.

Na tarar maza cike a ƙarƙashin ɗorawa. Ardo yana zaune a gefe a kan buzunsa da mutanensa uku, sandunansu a kwance a ƙasa. Wani dattijon ikilisiya yana tsakiyar jawabi a kan shanu. Na wuce na zube jarkokin a gaban dagaci, na durƙusa. Na ce:

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ba shanu ba ne. Ni ce. Shekara bakwai ina jiƙa waɗannan a tafki don wari ya fita. Warin kuwa ya fita, a cikin ruwan ya zauna."

Dagaci ya ɗauki jarka ɗaya, ya juya ta, ya ga hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa a jikinta, wanda ni duk shekarun nan na ɗauka tambarin kamfani ne.

"Wannan daga ina?"

"Daga gidana."

"Tankin fa, a ina ake wanke shi?"

Ku ji da kyau, domin a nan ne ake yi mini ƙari. Ban kira sunan babanku ba. Na sunkuyar da kai kawai. Amma kowa ya juya ya dube shi, domin babu wanda bai taɓa ganinsa a bakin ruwa da tankin nan ba. Ya tashi a hankali, ya kakkaɓe wandonsa, ya tafi.

Aka kira Malama Rifkatu ta maimaita abin da ta gaya mana, har da cewa ba za ta rantse ba. Dattijon nan ya ce to ai shi ke nan, tunda ba tabbas, shanu ma suna iya zama sanadin. Sai Ardo ya gyara zama, maganarsa ta farko ke nan tun safe.

"Ranka ya daɗe, mu dai ba mu da abin da za mu kawo mu zube a gabanka sai shanu, su kuma ba za su shiga nan ba. Matar nan ta kawo nata."

Aka yi dariya, har dagaci. Ya yanke cewa daga ranar babu mai wanke komai a tafki, ko tanki ko jarka ko saniya, amma shan ruwa kowa ya sha.

Abin da ya biyo baya ba mai daɗi ba ne. Maza suka ɗauki maganar Malama suka juya ta, wai feshin Injiniya yana mayar da namiji mace. Idan ya wuce rumfar mai shayi sai wani ya ce a rufe kofuna. Daminar nan babu wanda ya kira shi gona a garinmu, sai can nesa inda labarin bai kai ba. Ya daina cin abincina, ya koma ci a gidan wansa, kuma a nan gwaggonku ta samo nata labarin. Matan zumunta suka dawo mini da jarkokinsu suka jibge a ƙofa, wata ta ce na shekara bakwai ina ba 'ya'yanta guba, kuma ban iya ce mata ƙarya take yi ba. Aka karɓe ba da waƙa daga hannuna. Ishaku, kai ne ka dakata da makaranta shekara guda a dalilin wannan, ban manta ba, kuma ban taɓa ba ka haƙuri yadda ya kamata ba. Kakarku ta koma cin tuwo da ta san ba la'ana ba ce, amma ta rasu da rani ba ta yi wa ɗan Talatu tsaga ba. Kififiya kuwa sai da aka yi shekaru kafin na sake ganin ƙyanƙyasa, kuma har yau ba su koma kamar dā ba.

Wata biyar muka yi da babanku daga ina kwana sai ina wuni. Ranar wata Litinin bayan an gama yankan shinkafa na ji ƙarar diga a kan tudu, can nesa da gangaren tafki. Na hau na same shi ya haƙa rami har ƙugu, ya jera jarkokin da aka dawo mini da su a gefe, yana huda kowace da wuƙa kafin ya jefa, don kada wani ya tono ya yi amfani da ita. Na ɗauki ɗaya na miƙa masa. Muka yi ta yi, ina miƙawa yana hudawa. Daga inda muke muna hango shanun Ardo suna gangarawa ruwa a jere.

Bai ɗago ba ya ce, "Da kin gaya mini a ɗaki."

"Na gaya maka sau biyu, Baban Talatu."

Ya huda wata ya jefa. "Sau uku ne. Har da na bakin ƙofa."

Da muka rufe ramin ya tsaya yana share gumi, ya tambaye ni me na dafa. Na ce fate ne na acha, kuma na mutum ɗaya na yi. Ya ce to a raba.

Ya ci gaba da feshinsa shekaru bayan haka, a ramin tudu yake wanke tanki, kuma shi ne yake bin samari masu sabon inji yana yi musu faɗa idan ya gan su kusa da rafi. Bai taɓa ce mini na yi daidai ba har ya koma ga Ubangiji, ni ma ban nema ba. Amma ranar jana'izarsa, waɗanda kuka gani a bayan coci a tsaye cikin rana da sanduna, ba su shiga ba kuma ba su tafi ba har aka gama, 'ya'yan Dudu ne da jikokin Ardo. Daga rugar bayan tsauni suka zo, domin har yau a can suke.